Daga Bariki Zuwa Kasuwa, Daga Kasuwa Zuwa Akwatin Zaɓe: Jagora Ga Hafsan Da Zai Tuɓe Kaki

Duk wanda ya daɗe a Kaduna ya san cewa a nan ake shiga soja, kuma a nan da yawa suke zama idan sun fita. Kurtu yana koyon fareti a Defo na Zariya, wanda yake aiki tun 1924. Matashin da zai zama hafsa yana shiga NDA, makarantar horas da hafsoshin soja, wadda aka buɗe a 1964. Idan ya yi nisa a aiki sai ya koma Jaji kwas, a kwalejin da aka kafa a 1976. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana Kawo, sansanin sojan sama yana Mando, masana'antar makamai kuma tana Kakuri. Saboda haka da wuya ka bi layi biyu a Malali ko Unguwar Rimi ko Barnawa ba a nuna maka gidan wani kanar ko birgediya mai ritaya ba, kuma a cikinsu akwai da yawa da suke ganin cewa bayan sun huta za su taɓa kasuwanci, daga nan su nemi kujera. Wannan jagora domin irinsu aka rubuta ta, da kuma iyalansu, waɗanda su ne suke fara jin raɗaɗi idan lissafi ya ɓaci.

Abin da ya kamata hafsa ya riƙe tun farko shi ne cewa aninin da ke kafaɗarsa ba ya bin sa zuwa kasuwa, kuma kuɗin da ya samu a kasuwa ba sa zama ƙuri'a da kansu. A bariki umarni ake bayarwa, a kasuwa ciniki ake yi, a siyasa kuwa roƙo ake yi, kuma kowane mataki yana bukatar a sauke wani hali kafin a ɗauki wani. Waɗanda suka yi nasara a wannan hanya sun ba kowane mataki shekarunsa.

Kafin a miƙa kaki

Shiri yana farawa ne tun ana cikin aiki, domin ritayar soja ba kullum take sallama ba. Ƙa'ida ita ce shekara 35 a bakin aiki ko cika iyakar shekarun haihuwa da aka gindaya wa muƙaminka, amma kowa ya san cewa idan aka naɗa na ƙasa da kai ya zama babban hafsan runduna, to kai da 'yan ajinku kun kama hanyar gida. A watan Yunin 1999 gwamnatin Obasanjo ta sallami hafsoshi 93 da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa, kuma mafi yawansu ba su shirya fita a lokacin ba.

Abu na farko shi ne takardu. Ka tattara takardar firamare, da ta sakandare, da ta NDA, da na duk kwasa-kwasan da ka yi, da takardar ba ka muƙamin hafsa, da takardar sallama daga aiki, ka ajiye na asali a hannunka, kada ka dogara da cewa suna cikin fayil ɗinka a hedikwata. Darasin yana nan a fili: a zaɓen 2015 an shafe makonni ana ce-ce-ku-ce a kan takardar sakandaren Janar Muhammadu Buhari, saboda ya bayyana cewa takardunsa suna hannun hukumar soja. Mutumin da ya taɓa mulkin ƙasa ke nan. Kai da za ka nemi kujerar majalisar wakilai, lauyan abokin takararka ba zai yi maka sassauci ba. Ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka sun zo iri ɗaya a dukkan takardun, har da katin ɗan ƙasa da katin zaɓe. Idan akwai saɓani, ka gyara shi ta hanyar doka tun ba ka da abokin hamayya. Idan ka yi digiri ba ka yi hidimar ƙasa ba, doka ta ɗauke wa wanda ya yi aikin soja fiye da wata tara, amma sai ka karɓi takardar da ke nuna an ɗauke maka. Idan kuma an taɓa gurfanar da kai a kotun soja, ko da ƙaramin abu ne a ganinka, ka kai hukuncin wurin lauya ya karanta kafin ka gaya wa kowa niyyarka.

Muddin kana cikin kaki ba ka da damar shiga jam'iyya. Tsarin mulkin 1999 ya ce ma'aikacin gwamnati, wanda soja yana ciki, sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, amma wannan iyakar doka ce kawai. Wanda ya fita bariki yau ya sayi fom gobe, kuɗinsa kawai za a ci.

Shekarun kasuwa

Akwai dalilin da ya sa manyan sojojinmu suka fi shiga noma. Jadawali na biyar na tsarin mulki, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci na dindindin gudanar da kowace harkar kasuwanci ta kansa, in ban da noma. Wato gona ce kaɗai sana'ar da hafsa zai iya fara ginawa tun yana aiki ba tare da ya saɓa doka ba, kuma ita ce kaɗai za ta ci gaba da zama halal a gare shi idan ya hau kujerar mulki. Obasanjo ya koma gonarsa ta Ota bayan ya miƙa mulki a 1979. Murtala Nyako, wanda ya shugabanci sojan ruwa, ya gina gonar Sebore a Mayo Belwa har jama'a suka laƙaba masa Baba Mai Mangwaro, kuma da wannan sunan ya ci gwamnan Adamawa a 2007, ba da sunan admiral ba. A nan Kaduna, Kanar Abubakar Dangiwa Umar, wanda ya yi gwamna daga 1985 zuwa 1988, kiwon jimina ya kama bayan ya bar soja a 1993. Wasu sun bi wata hanyar: Janar T.Y. Danjuma ya shiga harkar jiragen ruwa a 1979, daga baya ya shiga harkar mai, kuma sai a 1999 ya dawo gwamnati a matsayin ministan tsaro, bayan shekara 20 cif.

Amma waɗannan manya ne, masu ƙofofin da suke buɗe musu da kansu. Manjo ko laftanar kanar da ya fito da garatuti da fansho ba shi da wannan gatan, kuma kuɗin nan na garatuti sau ɗaya ake ba da su. Shawarata ita ce a fara tabbatar da gidan zama da karatun yara, a ware abin da ba za a taɓa ba ko da ana ha-maza-ha-mata, sannan a shiga sana'a da abin da ya rage, kaɗan-kaɗan. A watannin farko na ritaya za ka ga baƙi da ba ka taɓa gani ba, kowa da tasa dabarar ta ninka kuɗi: wannan zai kawo maka maganar shigo da motoci, wancan ta haƙar ma'adinai, wani kuma ta kwangilar da ya ce an riga an sa hannu. Sun san cewa an biya ka, kuma sun san cewa ka shekara talatin ba ka taɓa taya buhun masara da bakinka ba.

Wani kawuna, wanda ya fita da muƙamin laftanar kanar, ya kafa gidan kaji a kan hanyar Zariya, gaba da Maraban Jos. Ya ɗauko tsohon odalinsa ya ba shi manaja, saboda a cewarsa yaron bai taɓa cin amanarsa ba, kuma gaskiya ne bai ci ba. Kullum da safe idan kawu ya iso, sai manajan ya ƙame ya ce, "Komai lafiya, yallaɓai." Haka aka yi ta yi har wata huɗu. Ranar da abin ya fito fili, wata hajiya mai sarin ƙwai ce ta ɗaga kiret ɗaya ta juya shi a hannu, ta dubi kawu ta ce, "Alhaji, kajin nan naka ba sa ƙoshi. Dubi ƙwan, kamar na zabi, ɓawon ma ba ƙwari." Ashe abincin kaji ya yi tsada, kuɗin da kawu yake bayarwa ba sa isa, manajan kuma ya ga cewa ba huruminsa ba ne ya koma wurin oga ya ce umarninsa ba zai yiwu ba, sai ya riƙa rage mudu yana haɗawa da dusa. Horon da ya sa yaron ya zama sojan kirki shi ne ya kusa kashe gonar. Tun daga ranar kawu ya ɗauki akawu wanda bai taɓa shiga bariki ba, ya kuma sa a riƙa rubuta masa adadin buhun da aka buɗe da kiret ɗin da aka tsinta da kajin da suka mutu, kowace rana, a littafi ɗaya da yake dubawa da kansa.

Abin koyi a nan shi ne ka kewaye kanka da mutanen da za su iya ce maka a'a. Ka zaɓi sana'ar da ƙasarku ta sani, domin a nan ne za ka samu ƙwararru da kasuwa a kusa: masara a yankin Saminaka da Lere, rake a Maƙarfi, citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Ko a nan ma kada ka zuba komai wuri guda, domin manoman citta ba za su manta da cutar da ta cinye gonakinsu a 2023 ba. Ka yi wa kamfaninka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Tun daga dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ka raba asusun kamfani da na aljihunka, ka nemi takardar mallakar fili daga KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, ka riƙa biyan haraji kana karɓar shaidar biya kowace shekara, domin za a nemi ta shekara uku a jere a wurare da dama, kuma wadda aka haɗa cikin dare ɗaya tana da saurin ganewa. Ka yi hattara da bashin banki: tsarin mulki ya hana wanda kotu ta ayyana cewa ya karye, kuma ba ta wanke shi ba, tsayawa takara.

Akwai jarrabawa guda da ba a cika faɗa ba, wato kwangila daga tsofaffin abokan aiki. Tana da sauƙin samu, tana da riba, amma ba ta koya wa mutum kasuwa, domin mai saye ɗaya ne kuma abokinka ne. Ranar da aka canza shi, kamfanin ya mutu. Ƙari a kan haka, duk takardar da ka sa wa hannu a irin wannan harka za ta iya fitowa a gidan rediyo ana saura mako biyu zaɓe. Sana'ar da take amfanar mai niyyar siyasa ita ce wadda take sa shi hulɗa da jama'a kullum, ya ɗauki 'ya'yan mutane aiki, ya sayi amfanin gonarsu, ya biya su a kan lokaci. Wanda ya shekara bakwai yana sayen masarar ƙauye bai taɓa danne wa kowa kwabo ba, ya riga ya yi rabin kamfe tun bai buga fosta ba.

Komawa mazaɓa

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma siyasa a mazaɓa take farawa. Soja yana da matsala ta musamman a nan, saboda ya shekara talatin ana yawo da shi daga Maiduguri zuwa Fatakwal, wataƙila har Laberiya ko Darfur, kuma katin zaɓensa ma na rumfar da ke kusa da barikinsa na ƙarshe ne. Ka je ofishin INEC lokacin da aka buɗe rajista ka mayar da katinka rumfar da ke mazaɓar da za ka tsaya. Daga nan ka je wurin shugaban jam'iyya na mazaɓa, da ƙafarka, ka yanki kati, ka tabbatar an rubuta sunanka a rajistar jam'iyya, domin wannan rajistar ce ake miƙa wa hukumar zaɓe kafin zaɓen fitar da gwani, kuma wanda sunansa ba ya ciki ba shi da ta cewa.

Kawun nan nawa, da ya ga gona ta zauna, sai ya nemi ganawa da shugabannin mazaɓarsu. Aka ce masa ƙarfe huɗu. Huɗu saura minti biyar yana wurin, ya tarar da benci biyu da wani yaro yana shara. Shugaban mazaɓar tela ne, kuma bai iso ba sai da aka fito sallar magariba, da tef ɗin awo a rataye a wuyansa. Kawu ya danne zuciyarsa ya yi bayani tsaf, ya lissafa inda ya yi aiki da lambobin yabon da ya samu. Telan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yallaɓai, mun ji, Allah ya saka da alheri, ka yi wa ƙasa aiki. To amma da aka yi rasuwar mahaifiyar sakatarenmu, kwana uku muna zaune, ba mu ga ko ɗan aikenka ba." Kawu ya ce mini bai taɓa jin an yi masa tambayar da ya rasa amsarta irin wannan ba, har a gaban kwamitin ƙarin girma. Washegari ya tafi gidan sakataren ya yi ta'aziyyar da ta makara da wata biyar, ya zauna a kan tabarma, kuma da zai tafi shi ne ya ce wa telan "ranka ya daɗe."

Wannan shi ne aikin shekara biyu ko uku na farko: suna, ɗaurin aure, jana'iza, dubiya, zaman majalisar yamma a ƙofar gida. Ka gaida hakimi da dagaci da masu unguwa, ka san limamai da fastoci, ka san shugabar mata da shugaban matasa da sunayensu. Ka bar direba da mai gadi a mota. Ka koyi sauraron magana mai tsawo wadda ba ta da kan gado ba tare da ka duba agogo ba. Ka rage amfani da kalmomin bariki, kuma kada ka kuskura ka ɗaga murya a kan dattijo a bainar jama'a, domin za a yafe maka rowa kafin a yafe maka wulaƙanci.

Sai dai soja yana da wata riba a Kaduna wadda farar hula da yawa ba su da ita. Tun bayan rikicin shekarar 2000 garin ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka, kuma abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafanchan da Zariya ya ƙara zurfafa rashin yarda. Mutumin da ya kwana a rami ɗaya da Bajju da Atyap da Bahaushe da Ibo, wanda ya binne abokan aiki Musulmi da Kirista, ya fi kowa sauƙin tsallaka gada ya zauna a Sabon Tasha da safe, ya yi la'asar a Rigasa. Wannan ba ado ba ne, lissafi ne: mai neman gwamna sai ya samu ƙuri'u mafi yawa, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 16 daga cikin 23. Ko a ƙaramar kujera ma, mazaɓu da yawa a tsakiyar jihar a gauraye suke.

Wace kujera, kuma da nawa

Jihar tana da kujerun sanata 3, na majalisar wakilai 16, na majalisar jiha 34, ban da ciyamomi da kansiloli waɗanda hukumar zaɓe ta jiha take gudanar da zaɓensu. Hafsoshi suna da ɗabi'ar auna kujera da muƙaminsu na soja, su ga cewa birgediya bai kamata ya nemi abin da bai kai sanata ba. Wannan ma'auni ne na bariki. Ma'aunin da ya dace shi ne yawan rumfunan zaɓen da kake da mutum amintacce a cikinsu, wanda zai tsaya a matsayin ejan tun daga safe har a ƙirga ƙuri'a, ya sa hannu, ya karɓo kwafin sakamako. Idan ba za ka iya cika rumfunan ƙaramar hukuma ɗaya da irin waɗannan mutane ba, maganar sanata ba ta taso ba tukuna.

Tarihin Shehu Musa 'Yar'aduwa ya isa misali. Ya bar soja a 1979 yana manjo janar mai shekara 36, bayan ya zama na biyu a mulkin ƙasa. Ya shiga noma da harkar banki, ya kafa jarida a nan Kaduna, sannan ya ɗauki shekaru yana ɗinka jama'a jiha-jiha, har ya gina ƙungiyar da ta ba shi rinjaye a zaɓen fitar da gwani na SDP a 1992, zaɓen da gwamnatin Babangida ta soke. An kama shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, amma mutanen da ya tara su ne suka zama ƙashin bayan PDP a 1998. Buhari kuwa yana da farin jinin da ba a saya da kuɗi, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a 2011, amma ya faɗi sau uku, a 2003 da 2007 da 2011, kuma bai kai ga nasara ba sai da jam'iyyarsa ta narke cikin haɗakar da ta haifi APC a 2013.

Game da kuɗi, a zaɓen 2023 APC ta sayar da fom ɗin gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe: biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, miliyan 30 ga ɗan majalisar jiha. Ana yawan yi wa dokar zaɓe gyara, saboda haka ka nemi wadda take aiki a kakar da za ka tsaya, ka zauna da lauya ku karanta ta sashe-sashe, musamman abin da ta ce a kan hanyar fitar da ɗan takara, ko daliget ne, ko 'yar tinƙe, ko sulhu. Kuɗin fom shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Ka yanke wa kanka iyaka a rubuce, ka nuna wa uwargida da babban ɗanka, kuma kada jarin kamfani ko takardar gida su shiga cikin wannan lissafi ko da an rantse maka cewa saura ƙiris. Za a zo maka da maganar "kayan aiki" safe da yamma. Sojojin baka za su yi maka tayin kare ka a rediyo, kuma ya kamata ka sani cewa su ba su da rantsuwar biyayya irin wadda ka sani. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne ɗaukar kauraye ko kiran tsofaffin yaranka masu kaki su raka ka rumfar zaɓe. A wurin farar hula wannan laifi ne, a wurin tsohon soja kuwa tabbatar da duk abin da ake tsoro ne game da shi.

Fom ɗin da za ka cika wa INEC rantsuwa ce a gaban kotu, kuma za a liƙa shi jama'a su gani. Kada ka rubuta takardar da ba ka da ita a hannu. Idan an zalunce ka a zaɓen fitar da gwani, kwana 14 kake da su ka shigar da ƙara. Idan a babban zaɓe ne, kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako. Kotu ba ta ƙara ko kwana ɗaya.

Ba dole ba ne sai ta akwati ake shiga gwamnati. Kanar Hamid Ali, wanda ya mulki Kaduna daga 1996 zuwa 1998, ya shugabanci hukumar kwastan daga 2015 zuwa 2023. Janar Dambazau ya yi ministan cikin gida. Buba Marwa, bayan ya yi kamfanin jiragen sama ya kuma nemi gwamnan Adamawa bai samu ba, an ba shi hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2021. Ga mutumin da ya san cewa ba zai iya zaman benci ba, wannan hanya ta fi dacewa da halinsa, kuma babu abin kunya a ciki.

Idan an hau kujera

Kafin ka yi rantsuwar kama aiki sai ka cika fom ɗin bayyana kadarori na hukumar ɗa'ar ma'aikata, ka lissafa gidaje da filaye da hannun jari da kuɗin banki da basussuka, naka da na matarka da na 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Ka sauka daga shugabancin kamfanoninka, a rubuce, a sanar da CAC. Mallakar hannun jari ba ita aka hana ba, gudanarwa aka hana. Ka rufe duk asusun da kake da shi a bankin ƙasar waje, wanda hafsoshin da suka yi kwas ko aikin wanzar da zaman lafiya a waje sukan manta da shi. Kada kamfaninka, ko wanda aka sa sunan ƙaninka a kai, ya nemi kwangila a ma'aikatar da kake da iko a kanta. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana da ikon sauke mutum, ta ƙwace kadara, ta kuma hana shi riƙe muƙami har shekara 10.

Abin da ya fi kayar da tsofaffin sojoji a mulki shi ne majalisa. Gwamnan soja da doka yake kwana a aljihunsa, ya sa hannu da safe ta fara aiki da rana. Gwamnan farar hula ba ya kashe kwabo sai majalisa ta amince da kasafi, ba ya naɗa kwamishina sai ta tantance. 'Yan Kaduna sun ga wannan tun a jamhuriya ta biyu, lokacin da majalisar da NPN take da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Shi ba soja ba ne, amma Nyako soja ne, kuma majalisar Adamawa ta tsige shi a watan Yulin 2014. Daga baya kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba, sai dai a lokacin wa'adinsa ya riga ya wuce. David Mark, wanda ya yi gwamnan soja a Neja, ya shugabanci majalisar dattawa shekara takwas, daga 2007 zuwa 2015, a kujerar da mutum biyar suka hau suka sauka a shekara takwas ɗin da suka gabata, kuma ya yi hakan ne ta hanyar lallashi da rabon kwamitoci da sanin bukatar kowane sanata.

Ma'aikatan gwamnati ma ba bataliya ba ne. Babban sakatare yana iya jinkirta fayil wata uku ba tare da ya saɓa ko layi ɗaya na doka ba, kuma ba za ka iya tura shi gadurum, wato ɗakin da ake tsare soja mai laifi, ba. Ka koyi dokar bayar da kwangila da ƙa'idojin kashe kuɗin gwamnati da kanka, kada ka ba da umarnin baki a kan abin da ya shafi kuɗi, kuma duk takardar da za ka sa wa hannu ka ajiye kwafinta a gida. Abin da ka zo da shi daga soja wanda ma'aikata za su amfana da shi shi ne kiyaye lokaci, da zuwa duba aiki da ido ba tare da sanarwa ba, da bin diddigin abin da aka ce an gama.

Ka sa ranar da za ka riƙa komawa mazaɓa, ko da sau biyu ne a wata, ka zauna a bencin da ka fara zama. Gonar kuma a bar ta tana aiki a hannun akawu da manaja, ka riƙa duba littafinta a ƙarshen kowane wata, tun da doka ta yarda da ita. Idan wa'adi ya kai shekara huɗu za ka sake cika fom ɗin kadarori, haka kuma ranar da ka sauka, kuma hukumar za ta ɗora sabon a kan tsohon ta duba bambancin. Duk ƙarin da aka gani, littafin gonar da rasiɗan sayar da amfaninta su ne za ka gabatar a matsayin hujja.